Rinin da Mantau Ya Raba Uku

Ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku. Mai goro ya ɓare abinsa tun yanzu, don ba na son in fara magana ana miƙe-miƙe a gabana. Abin da na zo da shi ba tatsuniya ba ce, ko da yake in kun ji shi za ku rantse ƙirƙira na yi. A garinmu ya faru, Kwarin Gamji, kuma mutanen da ya faru a kansu 'ya'yan ƙanwata ne, ni ne kawunsu. Wata biyar ke nan ina cikinsa tsamo-tsamo, gwiwoyina sun gaji, haƙurina ya ƙare. In na gama, ba mai tashi sai kun yanke mini hukunci.

Ubansu shi ne Mantau marini. Duk wanda ya haura hamsin a ƙasar nan ya san hannunsa, don in ya rina zane da baba, shukar nan ta shuni, sai zanen ya tsufa ya yage launinsa yana nan. Karofin garinmu, wato filin da ramukan rini suke, ramuka arba'in ne a lokacin da muke samari, kuma na Mantau ne ake fara zuwa gani. Mutum ne mai kirki ta kowace fuska sai guda ɗaya: yana da rowar sani. Ya taɓa koya wa wani baƙo sana'ar gaba ɗaya, baƙon ya haƙa rami a kusa da nasa ya kwashe masa mutane. Tun daga ranar ya ɗauki alwashi ba wanda zai sake sanin rininsa dukansa, ko da daga cikinsa ya fito.

To, ku ji abin da ya yi da 'ya'yansa uku. Babban, Korau, ya koya masa baba kaɗai: ƙasar da take so, ranar da ake yanka ta, yadda ake shanya ta a daka a dunƙula. Ta tsakiya, Tabawa, ya koya mata toka da laso: yadda ake kwaso katsi, lakar nan da ke kwanciya a gindin rami, a ƙona ta a tace ruwanta, da yadda ake shafe cikin rami don kada ya tsotse ruwa. Autan, Bagudu, ya koya masa haɗi da motsi da ɗanɗano, domin ramin rini abu ne mai rai, yana jin yunwa yana yin fushi, kuma da harshe ake gane halin da yake ciki. Kowannensu ya kira shi ɗaki shi kaɗai, ya sa ya yi alwala, ya rantsar da shi cewa ba zai faɗa wa sauran biyun abin da ya sani ba.

Na same shi a bakin rami na ce, "Mantau, in ka mutu fa?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Sai su haɗu, dole. Ba wanda zai iya shi kaɗai, ka ga ba mai barin wani."

Dabara ke nan a ganinsa. Abin da ta haifa shi ne kowane ɗaya ya tashi yana ganin nasa kason shi ne ainihin rini, sauran biyun 'yan ƙwadago ne. Korau yana cewa in ba baba ai ruwan toka ne kawai a rami. Tabawa tana cewa in ba tokarta, baba ciyawa ce. Bagudu kuwa ba ya ma cewa komai, sai dai ya riƙa kallonsu yana murmushi, wanda ya fi zagi ciwo.

Ana nan galura ta shigo gari, garin launi a cikin leda, a haɗa da soda a zuba a ganga a hura wuta. Abin da rami ke yi a mako uku, ganga tana yi kafin azahar, kuma kowane launi kake so akwai. Marina suka watse daga karofi ɗaya bayan ɗaya, ramuka suka koma bola. Mantau kaɗai ya riƙe nasa, har shekara shida da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, ya ɗaure masa baki da hannun dama. Daga nan Korau ya mayar da gonar baba ta gero da gyaɗa. Tabawa tana gidan mijinta tana sana'ar daddawa. Bagudu ya sayi ganguna, kafin ka ce me ya zama babban mai rinin galura a garin, samari kusan talatin suna cin abinci a ƙarƙashinsa, ruwan rininsa yana bin kwata yana gangarawa rafi.

A wani taron suna ne abin ya ƙarasa lalacewa. Korau ya kira ƙanensa mai kashe ruwa a gaban mutane, Bagudu ya ce gara shi da wanda ya tuge gadon ubansa ya shuka gyaɗa. Tabawa ta shiga tsakani, sai su biyun suka haɗa baki, karo na farko da na ƙarshe, suka ce mata ba maganar mata ba ce. Wannan kalma ta tsaya mata a wuya. Shekara biyar ko gaisuwa ba ta haɗa su, ko dubiyar ubansu sai kowa ya zaɓi ranarsa.

A ranin da ya wuce rafi ya gaji. Yau ka gan shi ja, gobe kore, jibi kamar an wanke tukunya. Albasa da tumatir na masu fadama suka yi rawaya suka kwanta, kifi ya taso ciki sama, shanun Fulani biyu suka sha suka mutu, mata masu wanki hannuwansu suka riƙa saɓulewa. Jama'a suka ɗunguma gidan dagaci, kuma da gaskiyarsu. Dagaci ya yanke cewa an hana rini a Kwarin Gamji, kuma da zarar damina ta ɗauke motocin ƙasa za su zo su cike karofi a mayar da shi tasha.

Ni da bakina da ba ya iya shiru na miƙe na ce, ranka ya daɗe, galura ce ta yi laifi, baba ba ta taɓa kashe ko ƙwaɗo ba. Akwai wata 'yar garin a wurin, Hajiya Barmani, mai gidan ɗinki a birni, ta mara mini baya. Ta ce masu sayen kayanta yanzu sai sun tambayi da me aka rina, kuma in za a samu na baba na gaske, duk abin da karofi ya fitar tana so, samarin da za su rasa aikin galura sai su samu abin yi. Dagaci ya ce ya ji. Kafin ƙarshen kaka a tayar da rami ɗaya, a rina zane a gaban jama'a, a wanke shi sau bakwai launi bai zube ba, a saka kifi a ruwan ɗaurayar ya wuni da rai. In an yi, karofi ya tsira. In ba a yi ba, kada in sake zuwa masa da maganar.

Da na kai wa Mantau labari a kan gadonsa, da na zo kan maganar motocin ƙasa sai na ga hawaye yana bin idonsa na hagu. Wallahi tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don shi ya jawo mana wannan da rantsuwarsa. Na fita na bi 'ya'yan gida-gida. Kowanne ya ce zai yi nasa saboda tsoho, amma kada in kuskura in haɗa shi da sauran a tabarma ɗaya. Haka na zama ɗan aike da furfurata.

Bari mu fara da Korau. Irin baba ya ɓace a garinmu, ko ƙwaya ɗaya babu. Ya hau mota ya sauka, ya hau babur ya sauka, ya taka da ƙafa, kwana tara yana tambaya ƙauye-ƙauye, har ya samu wata tsohuwa a can bayan duwatsu da ke da shi a cikin gora, ta ba shi cikin tafi biyu. A lokacin ruwa ya daɗe da sauka, geronsa ya kai gwiwa, kuma a duk gonakinsa ba inda baba ke so sai daidai inda geron yake. Mutum mai iyali goma sha ɗaya ya sa fartanya ya tuge abincin shekararsa da hannunsa, matansa suna kallo suna salati. Maƙwabta suka ce ya taɓu. Ya shuka, ya yi noma sau uku, ya yi shinge da ƙaya saboda awaki. Sai ga tsutsa ta faɗa wa ganyen, aka ce ya yi feshi, ya ƙi, ya ce ba zai kai guba ramin da ake so a gwada da kifi ba. Da hannu ya bi gonar yana tsince su, kwana goma sha ɗaya, har bayansa ya ƙi miƙewa. Kuma shi kaɗai ya san safiyar da za a yanka, domin in an yi gaggawa launin bai shiga ganye ba, in an makara ya tafi ga fure. Ya yanka a ranar da ya dace, ya shanya, ya daka, ya dunƙula.

Kada ku yi saurin yaba masa. Da ya gama, sai ya zuba kayan a rumbu ya garƙame, ya ce ba za su fita ba sai Bagudu ya zo ya durƙusa ya ba shi haƙuri kan maganar gyaɗa. Kwana huɗu muna kai ruwa rana, lokaci yana tafiya. Sai da na cire hulata na ajiye a gabansa, ni da na goya shi yana jariri, sannan ya ba ni mabuɗi yana hura hanci.

Sai Tabawa. Ramin ubansu gaba biyu da rabi ne zurfinsa, kuma shekara shida ana zuba masa shara. Maza sun kwashe ta sama, amma da aka zo ga katsin da ke gindi ta kore su, ta ce ba su san mai amfani da marar amfani ba, ita kuma ba ta da ikon nuna musu. Mace mai shekara hamsin, mai ciwon gwiwa, ta ɗaura igiya a ƙugu ta sauka. Ba a taɓa jin mace ta shiga ramin rini a garinmu ba. Aka yi ta surutu, mijinta ya aiko sau biyu ta koma gida, a na uku ya ce in ta ga dama ta zauna can. Ta yi kunnen uwar shegu. Ta tarar da bangon ramin ya tsage wuri uku, ta nemo gashin awaki daga majema da makubar ɗorawa, ta haɗa laso ta shafe shi daga ƙasa har baki, kunama ta harbe ta a hannu ta ɗaure ta ci gaba.

Babbar matsalarta ita ce toka. Da itacen kirya ubansu ya koya mata ƙona katsi, ga shi kirya uku kacal suka rage a duk dajin garin. Wasu suka ce a sare ɗaya a ɓoye, ba mai sani. Ta ƙeƙasa ƙasa ta ce ba za a ceci rafi a kashe daji ba, kuma in an sare ɗaya bana, baɗi a sare me? Ta koma bayan gidanta ta riƙa gwaji da abin da ake zubarwa: karan dawa, ƙaiƙayin gero, ɓawon gyaɗa, kowanne ta ƙona ta tace ta murza a yatsu. Sau goma sha huɗu tana ɓatawa, hayaƙi ya mayar da idanunta ja wur, kafin ta dace da haɗin da ya yi daidai da na kirya. Wannan ba ubanta ya koya mata ba, da kanta ta samo shi.

Ita ma da nata. Ranar da za ta kawo ruwan tokar sai ta ce duk namijin da ke karofi ya juya baya ya fuskanci gabas, tunda an ce ba maganar mata ba ce, to kada a kalli aikin mata. Har da ni. Muka tsaya muna kallon katanga kamar masu laifi, rana tana dukanmu, ita tana abinta a hankali ba ta ko sauri.

Na uku Bagudu, wanda kowa ke tsine wa. Tun kafin wa'adin da dagaci ya ba masu galura na su daina ya cika ya kashe wutarsa ya kife gangunansa, sauran sodar da ke hannunsa ya mayar wa dillalinta maimakon ya tuttular a kwata kamar yadda wasu suka yi. Abokan sana'arsa suka ce ya ci amanarsu, aka daina amsa masa sallama a kasuwa. Sannan ya je ya ɗanɗana ruwan tokar da Tabawa ta aiko a kwalba, sai ya ji kamar ruwan randa. Hayaƙin soda na shekaru, da goro, da taba, da yaji, sun kashe masa harshe, ga shi duk garin ba wani harshen sai nasa. Ya zo wurina ya gaya mini, ban taɓa ganinsa a tsorace haka ba. Daga ranar ya bar goro, ya bar taba, ya bar barkono da gishiri da shayi. Kwana arba'in ba ya cin komai sai kunu marar tsami da tuwo da ruwan kuka salam. Mutumin da ke cin goro goma a wuni, kansa ya riƙa sarawa, ya rame, ya zama abin tsoro a gidansa saboda faɗa. A kwana na talatin da wani abu ya sake ɗanɗanawa, sai na ga ya yamutsa fuska ya tofar, ya zauna a ƙasa yana dariya.

Shi ya yi haɗin, shi ya riƙa motsa ramin da muciya safe da yamma, ba fashi ko ranar da zazzaɓi ya kama shi. Shi ma sai da ya ƙona mini rai, don ya ce ba zai karɓi baba daga hannun Korau ba, sai dai a ajiye a ƙasa ya ɗauka.

A kwana na tara rami ya yi barci. Kumfar da ta fara tasowa ta kwanta, warin ya canza. Bagudu ya ɗanɗana ya ce tokar ta yi kaifi da yawa, ta fi ta tsoho zafi. Ba zai iya tambayar Tabawa yadda ta yi ta ba, ita ba za ta iya faɗa ba, shi ma ba zai iya bayyana mata awon da yake bi ba. Ga su a bakin rami ɗaya, taku biyar tsakaninsu, amma sai ta bakina.

"Kawu, ka ce mata tokarta ta yi kaifi."

"Kawu, ka ce masa harshensa ne bai gama warkewa ba."

Korau ma daga gefe ya jefo tasa: "Kawu, ka ce musu babar da na kawo lafiyarta ƙalau, kada wanda ya ɗora mata laifi."

Na ce musu wallahi in ba don tsohon da ke kwance ba, da na bar musu ramin su faɗa ciki su uku. Amma dai an yi. Bagudu ya gane ramin yunwa yake ji, ya ciyar da shi da dusa. Tabawa ta koma ta tace wani ruwan tokar mai sanyi. Korau, wanda ya bar gindin babarsa ta sake tofo ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya kawo yanka na biyu. In da ɗaya daga cikin ukun nan ya rasa, da ramin ya mutu. Bayan kwana shida kumfa ta taso, shuɗiya mai sheƙin jan ƙarfe, wari ya cika unguwa, tsofaffi suka riƙa fitowa ƙofar gida suna shaƙa.

Ranar gwaji gari ya fito kaf. Bagudu ya tsoma farin saƙi ya ɗago, ya fito kore shar, 'yan galura suka fara dariya suna cewa an yi asara. Iska tana taɓa shi ya fara juyawa a kan idonsu, har ya zama shuɗi, dariyar ta tsaya. Ya tsoma ya ɗago sau goma sha biyu, zane ya yi duhu kamar hadarin Agusta. Matan fadama, waɗanda suka fi kowa jin haushin marina, su aka ba wankin, kuma sun wanke shi da mugunta, sau bakwai da sabulu. Masunta suka kawo kifayen ƙarfasa, don dagaci ya ce ba ya son tarwaɗa, ita ko a kwata rayuwa take yi. Aka saka su a ruwan ɗauraya tun hantsi, har la'asar suna wasansu. Dagaci ya ce karofi ya tsira, da sharaɗi ɗaya: a kawo masa sunan mutum ɗaya da zai riƙe muciya ya zama shugaban wurin kamar yadda aka saba tun kakanni, domin in rafi ya sake canza launi yana son ya san wuyan da zai kama.

Muka ɗauki zanen muka kai wa Mantau. Karon farko ke nan a shekara biyar da 'ya'yansa uku suka shiga ɗakinsa tare, ko da yake a bakin ƙofa suka turje, kowa yana kallon wani gefe. Tsohon ya karɓi zanen da hannun hagu ya kai hanci, ya goga a kumatunsa, ya daɗe a haka. Na sunkuya na ce, "Mantau, dagaci yana son suna ɗaya. Wa za ka ba?" Ya ɗaga hannun a hankali yana karkarwa, ya nuna bakin ƙofa, inda su ukun suke tsaye kafaɗa da kafaɗa, hannun ya faɗi. Bayan kwana biyu Allah ya karɓi abinsa.

Kun san abin da ya biyo baya. Korau ya ce shi aka nuna, Tabawa ta ce yatsan a kanta ya tsaya, Bagudu ya ce kowa ya ga inda ya karkata. Ni da nake kusa da shi ban ga komai ba sai hannun tsoho yana rawa. Na roƙi dagaci ya bar su su riƙe tare, ya ce ya ga irin tarensu, ba ya so. Ya ba ni zuwa Juma'a, in ba suna, motocin ƙasa suna nan ba a sallame su ba. Liman ya ce rantsuwar tana da kaffara, don haka duk wanda aka zaɓa, sauran biyun za su buɗe masa abin da suka sani, rinin Mantau ya koma hannu ɗaya. Wannan ne ma ya ƙara zafafa abin.

Korau yana cewa shi ne babba, shi ya nemo irin da ya ɓace, kuma shi kaɗai ne 'ya'yansa za su kwana da yunwa bana saboda wannan aiki. Masu sukarsa suna cewa ai shi ya bar irin ya ɓace tun farko, kuma mutumin da ya kulle rumbu ana tsaka da neman ceto zai iya kulle karofi ranar da aka ɓata masa.

Tabawa tana cewa su biyun abin da aka koya musu suka maimaita, ita kuwa sabon abu ta samo, wanda in ba shi ba ko an tsira bana ba za a tsira baɗi ba, ga aurenta yana lilo har yanzu saboda ramin. Masu sukarta suna cewa tokarta ce ta kusa kashe ramin, kuma ba a taɓa yin mace a wannan matsayi ba. Ita kuma ta ce ba a taɓa yin namijin da ya shiga gindinsa da igiya a ƙugu bana ba.

Bagudu yana cewa ya rushe sana'ar da ya gina da ƙarfinsa, ya rasa abokai, ya azabtar da jikinsa, kuma shi ne ya ji ramin yana mutuwa ya tashe shi. Samarin nan talatin ma shi suka sani, shi za su bi. Masu sukarsa suna cewa wanda ya kunna wuta ba a yi masa kirari don ya ɗebo ruwa, kuma wa ya tabbatar ba zai koma wa galura ba ranar da rami ya yi masa nawa?

Yau Laraba. Tun ranar sadakar uku ba wanda ya taka karofi a cikinsu, kowa yana jiran a zo a ba shi. Ni nake lallaɓawa safe da yamma ina motsa ramin da waɗannan hannuwan, ban san ko daidai nake yi ba, kuma ɗazu da na je na ga kumfar ta fara raguwa. Da ƙyar na samu suka yarda da abu ɗaya tak, cewa duk wanda wannan majalisa ta ambata, sauran za su bi shi ba musu. Ni na kasa, jinina ne su ukun, kuma haushinsu nake ji daidai wa daida.

To, ga Korau da ya tuge abincin iyalinsa, ga Tabawa da ta shiga rami ta ƙi sare itace, ga Bagudu da ya ɓata ruwa ya dawo ya gyara. Sunan wa zan kai wa dagaci jibi?